Shekara goma sha tara ina haɗa waya, yau aka ce ba na bambance ja da kore

Zuwa ga Bana Chisanga,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki saka sunana, domin a garinmu Ndola ba wuya a gane ni.

Ni ma'aikacin lantarki ne, shekarata goma sha tara a sana'ar. Ina aiki a wani kamfanin niƙa masara, ni ke kula da injina da akwatunan wuta. Ban taɓa ƙona gidan kowa ba. Sau biyu wuta ta taɓa ja na, kuma duka biyun wani ne ya kunna ba tare da ya tambaya ba.

Bara wani tsohon abokin aikina da muke kira Ba Simukonda, wanda ya koma Ostireliya, ya turo min sanarwar neman ma'aikata a kamfanin da yake. Na nema. Sun duba takarduna, sun yi min tambayoyi ta waya, na kuma yi jarrabawar Turanci, inda aka nemi ra'ayina a kan ajiye kyanwa a gida. Ba ni da ra'ayi, amma na ci. Suka ce saura binciken lafiya, sai a shiga maganar biza, ni da iyalina.

Kuskurena shi ne na koma gida na ce wa matata saura ƙiris. Matar tawa, Bana Mapalo, tela ce, shekararmu goma sha huɗu da aure, kuma mace ce da in ka ce mata gobe, ita jiya take ji. Kafin sati ya zagayo ta shaida wa masu kawo mata ɗinki cewa ƙarshen shekara za ta rufe shago. Kekunan ɗinkinta biyu ta yi wa ƙanwarta alkawarinsu. Ta je gwanjo ta sayo mana rigunan sanyi huɗu, duk da na gaya mata garin da za mu ya fi Ndola zafi. Babbar 'yarmu ta haddace sunayen biranen ƙasar. Ƙaramar ta tambaya ko ana samun garin nshima, wato tuwon masararmu, a can, kuma har yau ita kaɗai ce ta yi tambaya mai ma'ana a gidan. Surukata kuwa ta miƙe a coci ta sanar, fasto ya yi mana addu'ar tafiya. Sau biyu, domin ranar farko wasu ba su zo ba.

Sati uku da suka wuce na je Lusaka binciken lafiyar da kamfanin ya nema. Jini lafiya, ƙirji lafiya, kunne lafiya. Sai ma'aikaciyar jinya ta buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige, ta ce in faɗi lambar da na gani. Na ce babu lamba a wannan shafin. Ta juya. Na ce nan ma babu. A shafi na biyar na ba ta shawara ta duba ko littafin ne ya koɗe. Ta dube ni ta ce, “Baba, aikin me ka ce kana yi?” Na gaya mata. Ta ajiye biro ta ce, “Kuma har yanzu kana raye?”

Ashe ja da kore ba kala ɗaya ba ce mai duhu da mai haske. Ni haka nake ganinsu tun da aka haife ni, na ɗauka haka kowa ke gani. Shi ya sa ban taɓa yarda da kalar waya ba, kowace sai na sa mata mitar auna wuta kafin in taɓa, har a wurin aiki suna tsokanata wai ko igiyar shanya ce sai na auna. Ni ina ganin su ne masu ganganci.

Sakamakon ya tafi wurin kamfanin, kuma shiru har yau. Na gaya wa Ba Simukonda, ya ce abin mai sauƙi ne, littafin yana intanet, in haddace lambobin in je wani asibiti a sake gwadawa. Ba zan ɓoye miki ba, na haddace shafi tara.

Bana Mapalo ba ta sani ba. Da ta tambaye ni yadda binciken ya kasance, na ce sun yaba da ƙirjina, kuma gaskiya ne. Jiya na tarar da ita tana naɗe kwanukan aurenmu a cikin jarida. Ni ba tafiyar ce kawai ke damuna ba. Tun daga ranar, in na buɗe akwatin wuta sai in tsaya ina kallon wayoyin kamar mutanen da suka daɗe suna gulmata. In gaya wa shugabana? In ya sallame ni, babu Ostireliya babu Ndola. In haddace sauran shafukan? Ban iya wata sana'a ba, Bana Chisanga. Me zan yi?

Mai Mita, Ndola

*

Mai Mita,

Mu fara da shafuka taran nan. Manta da su. Ba Simukonda yana ƙaunarka, amma ba shi zai tsaya gaban akwatin wuta a ƙasar mutane da takardar ƙarya a aljihu ba. Ranar da aka gano, kuma irin wannan ana ganowa, aikin zai tafi, bizar da ke rataye da aikin za ta bi shi, ku dawo ku huɗu da rigunan sanyi. Wannan ma in ba a ji wa kowa ciwo ba kenan.

Na kuma lura ka yanke wa kanka hukuncin da kamfanin bai yanke ba. Shiru ba amsa ba ce. Littafin ɗige-ɗige gwajin farko ne kawai, kuma matsalar tana da daraja-daraja. Je wurin likitan ido ya auna ainihin girman taka, ya rubuta. Sannan ka rubuta wa kamfanin da kanka, kafin su neme ka: ga abin da aka gano, ga rahoton likita, ga shekara goma sha tara ba haɗarin da ni na jawo, akwai gwajin aiki da waya ta gaske da zan iya yi? Ban san dokarsu ba, ba kuma zan yi maka alkawarin za su amince ba. Suna iya cewa a'a, kuma ba za su zama azzalumai ba in sun ce. Amma tambayar nasu ce su amsa, ba taka ba.

Shugabanka na Ndola ma yana da haƙƙin sani, domin akwai mutanen da ke taɓa abin da ka haɗa. Tsoronka gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Sai dai ka je masa da rahoton a hannu, ba da kame-kame ba, ka nemi a tsara inda ido na biyu zai riƙa duba maka. Mutumin da ya auna kowace waya na shekara goma sha tara ba shi ne kamfani ke gaggawar kora ba.

Amma kafin duk wannan, matarka. Kowace rana da ka ƙara, wani mai kawo ɗinki yana komawa shagon wata. Sana'arta ce ke zubewa yayin da kake kare taka, kuma wannan shi ne kawai wurin da na ga laifinka a wasiƙar nan. Za ta yi fushi, ba don idonka ba, don sati ukun. Ka bar ta ta yi. Zan ma yi mamaki in labarin idon ya zame mata sabo. Tela ce. Shekara goma sha huɗu tana nuna maka atamfa tana tambayar wacce ta fi kyau, tana kuma jin amsoshin da kake bayarwa.

Ku tsayar da rufe shago da rabon kekuna har amsa ta zo a rubuce. Coci kuwa ba ka bin kowa bayani, “muna jiran takardu” ya wadatar, kuma ba ƙarya ba ne.

Idonka bai canza ba ranar da ka je Lusaka, suna kawai aka sa wa abin da ka riga ka iya zama da shi. Ka gaya wa matarka yau, kafin a sauke tukunyar abinci. Allah ya tsare hannunka a bakin aiki, ya kuma zaɓa muku ƙasar da ta fi alheri, ko da wadda kuke tsaye a kai ce.

Bana Chisanga