Manhajar Yankan Yadi Ta Rasa Fuska

Malam mai fili, don Allah a agaza min da shawara kafin 'yata ta gaji da ni.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne. Aiki ya kawo ni ƙasa mai nisa, iyalina suna gida. Na daɗe a nan, har furfura ta same ni a ɗaki ɗaya mai taga da ke kallon bangon maƙwabci. Aikin ofishinmu gyaran shafukan intanet ne: yau oga ya ce maɓalli ya yi ja da yawa, gobe ya ce a dawo da jan. Ba zaluntata yake yi ba, gaskiya mutumin kirki ne, amma raina ya ƙoshi da aikin.

Abin da ke sanyaya min rai wani yaren kwamfuta ne da nake rubutu da shi ranar hutu. Komai nasa kamar lissafi yake: ka ba shi abu, ya ba ka amsa, ko sau dubu ka maimaita amsar ɗaya ce, ba ya zagayawa ta bayanka ya taɓa wani abu. Duk wanda ya sha hulɗa da 'yan Adam zai gane dalilin da ya sa nake ƙaunarsa.

To, uwargida tela ce, kullum kukanta yadin da ke salwanta wajen yanka. Sai na rubuta mata manhaja: a ba ta faɗin yadi da awon mai riga, ta fitar da yadda za a jera gaba da baya da hannuwa, ƙyallen da zai rage bai taka kara ya karya ba. Malam, tana aiki! Ranar da na gwada ta da awon rigata, sai da na taka rawa ni kaɗai da silifa. Illarta ɗaya, ba ta da fuska. Baƙin allo ne, sai an buga mata umarni. Na nuna wa uwargida ta waya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da almakashi a hannu da allura a baki ba za ta zauna rubuta wa inji wasiƙa ba.

Ga inda daɗin yake. 'Yata ta fari, Mama nake ce mata saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana karatun kwamfuta a jami'a. Na bar ta tana koyon haɗa baƙi, tun da ta girma kuwa hirarmu ba ta wuce ina kwana da yaya karatu. Ita da kanta ta kira ni, ta ce mu haɗa hannu mu yi wa manhajar fuska: tagogi da maɓallai a kan allo, da hoton yadin a shimfiɗe. Yanzu duk ƙarshen mako sai cajin wayarta ya ƙare muke sallama. Har tsokanata take yi, wai ni Baba Mai Tsabta, saboda ba na son datti a rubutun manhaja.

Sai dai mun maƙale wajen zaɓen kayan manhajar da za mu gina fuskar da su. Akwai tsofaffin kaya masu ƙwari, an rubuta su da wani yare aka ɗaura wa namu. Komai akwai a ciki, amma kafin ka girka su a kwamfuta gumi ya wanke ka. Akwai kuma waɗanda raina ya kwanta da su, da yarenmu tsantsa aka yi su, rubutunsu kamar ka yi ta kallo. Amma mutum ɗaya ne ke kula da su, kuma da Mama ta gwada su a tsohuwar kwamfutar shago, allon ko motsi bai yi ba. Na ukun nata ne: a yi fuskar a burauza, kamar shafin intanet, har a waya ta buɗe. Malam, abin da nake gudu ke nan tun safe har yamma, shi za a shigo min da shi ɗaki ranar hutu? Amma kada in ci amanar gaskiya, ta turo min ɗan gwaji, kuma ya yi kyau. Haushin ma ke nan.

Watanni sun wuce muna gardama, ko maɓalli ɗaya ba mu kafa ba. Makon jiya ta ce jarrabawa ta matso, in ban tsayar da magana ba, za ta bar min kayana. Da dariya ta faɗa, amma na ji muryarta ta yi sanyi. Wanne zan ɗauka?

Baban Mama, daga nesa.

*

Baban Mama,

Barka da arziki. Da yawa cikin masu rubuto min kukansu 'ya'ya ba sa ɗaga waya, kai kuwa taka sai caji ya raba ku.

Ƙyamarka tana da dalili. Kayan burauza ba sa zama wuri ɗaya, abin da aka gina bana yana iya neman gyara baɗi, kuma ba laifi ba ne mutum ya so wani lungu na rayuwarsa da aikin ofis bai leƙa ba. Sai dai a duk wasiƙarka ban ga inda aka tambayi mai shagon ba. Manhajar tata ce. A tsaye take aiki, teburinta cike da yadi da alli, wayarta ce kusa da hannunta. Tsofaffin kayan nan za su ɗaure ta a gaban kwamfuta, ranar da suka ƙi tashi kuma kai kana wata ƙasa. Waɗanda kake so kuwa, tunda ba su buɗe a shagon ba, magana ta ƙare. Ajiye su don nishaɗinka na ranar hutu.

Kuma yaren da kake ƙauna shi ya koya maka mafita: lissafi daban, hulɗa da waje daban. Ka riƙe injin yankan, wato ɓangaren lissafin, da tsabtarsa, kada kowa ya sa masa hannu. Ku shata iyaka a sarari: awo ya shiga, jerin yanka ya fito. Injin yana iya zama a kwamfutar shago waya tana tambayarsa, ko a juya shi ya yi aiki cikin burauzar, in yarenku yana da wannan hanya. Abin da ke bayan iyakar nan gonar Mama ce. Kada ka zaɓa mata, kada ka zame mata ogan da ke cewa jan ya yi yawa. Ku fara da taga ɗaya da maɓalli ɗaya babba, uwargida ta danna, ku saurari abin da za ta ce.

Saura abin da ba ka rubuta ba, amma na hango shi. Ina zargin kana jan gardamar ne don gudun kada aikin ya ƙare, hirar ta koma ina kwana da yaya karatu. Kwantar da hankalinka. Ni dai ban taɓa ganin manhajar da aka gama ba, balle wadda aka yi wa tela. Ranar farko za ta ce rubutun ya yi ƙanana, kashegari ta ce ina wuyan riga, daga nan ta tambayi yadi mai zane da ba a juya shi. Kai da Mama kun samu abin hira har ka dawo gida.

Kira ta tun kafin ƙarshen mako, ka ce mata ta yi nasara, ta je ta yi jarrabawarta da kwanciyar rai. Allah ya ba ta sa'a, ya albarkaci shagon, ya maido ka lafiya ka sa rigar da aka yanka da lissafinka.