Auduga a kunne

Daren Laraba, kakar gyaɗa, Kabo

Kunnena na hagu har yanzu ƙugi yake kamar an zuba masa ƙudan zuma. Tun da Sale mai goge ya samo lasifikar nan daga Kano, a gefena yake kafa ta, wai babbar ganga ba ta tsoron ƙara. Gangar ba ta tsoro, mai kaɗa ta fa?

Yau a wasan da muka yi a garin Dugabau na ce, "Sale, rage mana ita kaɗan." Ya ce, "Baba, mutane sun sayar da gyaɗa, so suke a ji su har Gwarzo." Sai na cusa auduga a kunne, na sunkuyar da kai, na bar hannu ya yi abin da ya saba. Ashe Sale ya tsayar da waƙa zai gaishe da mai gari, ni kaɗai nake ta dukan fata. Aka yi dariya, na taya su.

Da na dawo na cire audugar. Matata Hauwa tana bakin ɗaki, bakinta yana motsi. Shekara talatin ina jin muryar nan, yau ban ji komai ba. Na ce "yauwa", don kada ta gane.