Rabin Furen Safiya

Talata da dare, unguwar Aƙiƙ, ƙasar Larabawa

Yau Safiya ta zazzage furen nan nata daga tukunya. Birimula take ce masa, mai ninki-ninki kamar wardi. Wata biyu ke nan tana lallaɓa shi a inuwar baranda, ruwan firij take ba shi, wai na tanki ya yi masa zafi. Ni da na haife ta ban samu wannan hidima ba.

Na tarar tana raba saiwar da yatsu, na ce lafiya? Ta ce, "Ummi, mai ninki ba ya yin iri, sai an raba shi yake yaɗuwa." Da Larabci ta ƙarasa, yadda take yi in ba ta son in zurfafa tambaya.

Tukunya biyu ta dasa, a kan idona. Bayan la'asar saura ɗaya. Wai ta ba wata abokiyar aikinta. Na ce wacce? Ta ce ban san ta ba.

Da nake dawowa daga magariba na hango tukunyar, shuɗiyar nan mai tsagi a baki, a tagar maƙwabciyarmu Hajiya Balaraba, daidai ɗakin ɗanta Usman. Hajiya ko na'ana'a ba ta taɓa shukawa ba.

Yaron ban san shi da aibu ba. Amma 'yar mutunci ba ta aika kyauta ta bayan uwarta. Gobe da hantsi zan shiga gaida Hajiya, in ji ko ita ma ɓoye mata aka yi.