Gwangwani Mai Koren Zare

Zuwa ga abokina Ramesh,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga unguwar Zahir a Makka. Na san ba ka jin Hausa, da guntun Larabci muka yi shekara shida muna hira a siton da muke aiki a Jidda. Amma lambarka ta daina shiga, shi ya sa na rubuta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, ko Allah zai sa wani ya fassara ya kai maka.

Ka tuna hutun rana a bayan sito? In shimfiɗa kwali in yi azahar, kai kana tsare min motar kaya kada ta gifta ta gabana. In na sallame, da shegen surutuna, sai in tasa ka gaba da tambaya. Ka ce puja ita ce hidimar da mahaifiyarka ke yi kowace safiya, da fitila da furanni, a gaban abin bautarku. Darshan kuma mutum ya yi tafiyar kwanaki don kawai ya ga abin bautar, shi ma ya gan shi. Bhakti ka ce ƙauna ce da ba ta jiran sakayya. Na ce maka ni fa ban yarda da wannan bauta ba, ka yi dariya ka ce ka sani. Har gobe ina kan bakana, kuma ba wannan ya raba mu ba.

Ranar da Hajiyata ta yanke jiki ta faɗi, kai ka ɗauko ni da tsakar rana har Shumaisi, inda allo ke cewa wanda ba Musulmi ba ya kauce. Ka tsaya cikin zafin nan sai da na samu mota. Da na fara godiya ka ce, "Seva ce, ɗan'uwa. Hidima ba a gode mata."

Ka taɓa ba ni labarin prasad, abincin da ake ajiyewa gaban abin bauta sannan a raba wa mutane. To, ran da ka dawo daga hutu ka miƙo min gwangwanin alewar madara, ka ce daga mahaifiyarka, ban bari ka rufe baki ba. Na make hannunka, gwangwanin ya kife, na tafi famfo na wanke hannu a gaban leburori. Da "a'a" kawai na ce, ai da ya isa. Ka durƙusa kana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, ko kallona ba ka yi ba.

Wata uku ina kauce maka, girman kai ya riƙe min baki. Na dawo daga hutun Hajji aka ce ciwon ƙoda ya kayar da kai, an mai da kai Indiya.

Makon jiya Salim, ɗan ƙasarkun nan Musulmi, ya gaya min abin da ya hana ni sukuni. Ashe gwangwani biyu ka zo da su. Kai ka faɗa wa tsohuwa cewa abokinka ba ya cin abin da aka kai gaban abin bauta, ta sake wanke tukunya, ta dafa nawa daban, ta ɗaura masa koren zare don kada a haɗa. Ramesh, na ga zaren nan a ƙasa ranar.

Wallahi tsoro nake ji. Salim ya ce labarin ƙarshe da ya samu, jikin ya yi tsanani. Na yi ɗawafi, na yi kuka, na nemi gafarar Allah, amma na san haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Nan ba ka da ikon shigowa, can kuma ban san inda zan dosa ba. Duk yawan tambayoyina, ban taɓa tambayarka sunan ƙauyenku ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya shirye mu baki ɗaya, Ya ja kwananka har wannan takarda ta riske ka. In ta riske ka, don Allah ka yafe min. In kuma tsohuwa tana raye, ka ce mata ban ɗanɗana ba, amma saƙonta ya iso.

Naka mai jiran amsa,
Hamisu