Na Koya Musu Aikin Ƙanwata

Litinin, 3 ga Maris, 1997

Na iso jihar Ceará, can arewa. Kwana uku a mota daga kudu, ƙafafuna duk sun kumbura. Kamfaninmu na takalma ya buɗe sabuwar masana'anta a nan, ni aka turo in koya wa mata arba'in ɗinki. Manajan, Seu Arlindo, a tsaye ya yi mini bayani: gwamnatin jihar nan ta yafe wa kamfani harajin shekara goma sha biyar saboda ya kawo injuna, kuma duk macen da na sa hannu cewa ta ƙware, za a ƙara yi musu ragi. Jiharmu ba ta yafe komai ba. Ban tambaye shi makomar tsohuwar masana'antarmu ba. Ƙanwata Ivone tana can, keken ɗinkinta kusa da nawa, shekara goma sha tara.

Laraba, 12 ga Maris

Zafi. Dariya matan suke yi mini don ina shan shayinmu mai ɗaci da rana tsaka. Akwai wata Zuleide, ta girme ni, da saƙar leshi ta raini 'ya'ya huɗu. Ta ce, "Malama, a kudu ba a gaya muku idan rana ta fito?" Saura kaɗan in yi dariya. Hannunta yana da kyau, ya fi yadda nake so.

Lahadi, 23 ga Maris

Bari in rubuta, tunda ba mai gani. Miƙaƙƙen ɗinki nake koya musu, lanƙwasar dunduniya kuwa ban nuna musu sirrinta ba. Akwai yadda ake sassauta fata da babban yatsa kafin allura ta sauka. Mahaifiyarmu ta nuna mini, ni na nuna wa Ivone. Muddin ba su iya ba, dole a ci gaba da aika wannan aikin zuwa tsohuwar masana'antarmu. Haka nake gaya wa kaina. Na je coci da safe, a bencin baya na zauna.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An dawo da takalma sittin, duk dunduniya ta tattare. Seu Arlindo ya yi ta faɗa, wai hannayensu fartanya kawai suka sani. Ba wadda ta ɗaga kai, har ni. Da aka tashi Zuleide ta tsaya, ta ce ta lura duk lokacin da na zo kan dunduniya sai in juya musu baya. Ba da fushi ta faɗa ba. Ta ajiye mini ɗan mazarƙwaila a kan keke, ta tafi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ivone ta bugo waya gidan da nake haya. An rufe masana'antarmu. Mutum ɗari uku. An loda kekuna a manyan motoci, nan za a kawo su. Ta ce, "Yaya, idan nawa ya iso, fedarsa tana sarƙewa. Ki gaya wa wadda za ta hau." Ta ajiye. Ban gaya mata abin da na ɓoye dominta ba. Me zai ƙara mata?

Asabar, 26 ga Afrilu

Ban fita ba.

Talata, 6 ga Mayu

Jami'in jiha zai zo gwaji ƙarshen wata. Seu Arlindo ya ce wadda ta faɗi ba takarda, ba ragin haraji, sai a sallame ta a ɗauko wata. Na ga sunayen da ya ware, na Zuleide ne a sama saboda shekarunta. Bayan cin abinci na tara su, na juya keken ya fuskance su, na yi lanƙwasar sau uku, a hankali. Zuleide ta kama a karo na biyu. Ta dube ni ta ce, "Ashe yatsa ne kawai." Na ce yatsa ne kawai. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Talatin da takwas sun ci, har da Zuleide. Na sa hannu har yatsuna suka sage. Biyun da suka faɗi na raka su bakin ƙofa. Ivone ba ta zuwa waya. Mijinta ya ce ta samu aikin goge-goge a wani gida cikin birni.

Asabar, 7 ga Yuni

Direban kamfani ya ce wata jihar ta yi tayin yafe harajin shekara ashirin, manya har sun je duba fili. Ko gaskiya ne ban sani ba. Aikina zai ƙare ranar sha biyar. Na ce wa Seu Arlindo zan ƙara wata ɗaya, ban ba shi dalili ba.

Yau mata shida suka taru a tsakar gidan Zuleide, ƙarƙashin bishiyar kashu. Na nuna musu yadda ake auna ƙafa, a yanka fata, a haɗa takalmi tun daga farko har ƙarshe da hannu, irin wanda mace za ta yi a ɗakinta ko babu masana'anta. Ba ya cikin takardar gwamnati, ba harajin da za a rage wa kowa. Asabar ce kawai take da tsawo a garin nan.

Sun ce mako mai zuwa su goma ne. Sai na nemo ƙarin wuƙaƙe.