Ko Na Arba'in, In Dai Ina Gaban Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna, da yara, da maigidanki? Ni alhamdu lillahi, huhun ya warke, na koma aiki. Tarin kan taso in na hau tudu, amma kada Inna ta ji.

Na koma tseren keke. Kin tuna Dogo, abokin tserena? Shekara uku ina gabansa ina tare masa iska, yana laɓe a bayana har ya ci kofi. Da na kwanta asibiti, sau ɗaya ya leƙo, ko zama bai yi ba. Ya dubi robar numfashin da ke hancina ya ce, "Ba ni sababbin tayoyinka mana, tunda kai ka gama hawa."

Na ba shi, Yaya. Da tsofaffin nake fita kullum kafin aiki.

Ranar Lahadi za mu haɗu a tsere. Zan manne masa a baya kamar kaska, iska ta ci ƙarfinsa, sai an hango layin ƙarshe in wuce shi.

Ki turo min hoton yara. Inna ta sa ni a addu'a. Ba na ɗaya nake roƙo ba. Ko na arba'in na zo, in dai shi ne na arba'in da ɗaya.

Ƙaninki