Ashe Angon Yana Cikin Akwati

Zuwa ga Deborah, sanyin idona, ruwan randar ƙuryar ɗaki, giwan ruwan da duk tarun Kainji bai isa ya riƙe ba, nas ɗin da ta tafi jinyar mutanen New Orleans a Amurka ta bar nata majiyyacin a Wara yana nishi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ki sani saura ƙiris ki kashe ni. Wa ya aike ki ki turo bidiyon nan ba bayani? Ga ki a tsakiyar titi da laima mai tuntu, kina kaɗa farin hankici, ga mabusa ƙaho kumatu kamar an cusa musu mangwaro, ga wani dogon ƙato cikin baƙar kwat yana rangaji a gabanki. Ke da ko a coci sai an roƙe ki kike ɗaga ƙafa! Me kike so ɗan Wara ya ɗauka? Na ce shi ke nan, an ɗaura. Inna ta karɓi wayar ta duba, ta ce ita da ma tun ranar da kika rage mata tuwo ta san za a rina. Kafin rana ta faɗi mutanen bakin ruwa sun fara zuwa yi mini jaje, ni kuwa, bakanike guda, na ɗaura wa injin jirgin wani bawan Allah farfela a baibai.

Sai da sabis ya ga dama saƙonki ya shigo, kina dariya har da tari. Wai jana'iza ce. Jana'iza, Deborah! Wai wani tsohon mabushi da kika yi jinya ne ya rasu, ƙaton nan mai kwat kuwa jagoran ayari ne kawai. Ashe angon da na yi ta tsine wa yana cikin akwati. Allah ya jiƙansa, na janye rabin abin da na faɗa.

Yanzu na zama malamin tarihin garin da ban taɓa takawa ba. Kin ce in za a kai gawa a hankali ake busa, sai an ajiye ta a juyo gida da rawa. Kin ce in an haƙa rami ruwa ake tararwa, shi ya sa ake gina wa matattu ɗakuna a sarari. Kin ce akwai filin da suke kira Kongo, inda bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu suke kaɗa ganga ran Lahadi, wai daga nan kiɗan jaz ya samo tushe. Har miyar kuɓewa gare su, har tarwaɗa. To madalla. Ganga tamu, kuɓewa tamu, yanzu kuma ke? Wane irin gari ne wannan da ba ya ara ya mayar?

Kaka ce kaɗai ba ta yi mamaki ba. Ta ce a tsibirinsu, kafin ruwan dam ya rufe shi, in tsoho ya cika kwanakinsa da kiɗa ake raka shi. "Waɗanga mutanenmu na," in ji ta, "ɓacewa suka yi." Ita kuwa, kabarin mijinta yana ƙarƙashin tabkin nan da nake gani kullum. Kin gaya mini mutanen New Orleans ma ambaliya ta taɓa cinye garinsu, amma mabusan suka tattaro ƙahoninsu suka koma. Waɗanda ruwa ya kora sun koma gida, hasken raina. Ke da ba ruwan da ya kore ki fa?

Kin tuna ranar da hadari ya tare mu a jirgi muna dawowa daga kasuwar Yelwa? Iska ta kifar da laimata ta bar mini sanda da ƙarafa, kika yi ta dariya kina rawar ɗari a kafaɗata. A nan kika ce Kirsimetin bana a gida za ki yi shi, kuma a ɗaura. Yanzu asibiti sun ce ki ƙara zama, kin ce za ki yi tunani. Tunanin me, zumata? Ina kewarki, ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Bidiyon ƙarya ya yi mini, amma zafin da na ji na gaske ne, kuma ba na son in sake jin sa.

Na riga na gaya wa Philip mai begilar cocinmu ya goge ta sosai. Ran Kirsimeti za a busa ta a bakin ruwan Wara ko ta yaya. In kin sauka, biki ne. In kin ƙara zama, a yi mini jana'iza irin ta garin naku na can, a hankali a tafiya, rawa a dawowa. Ko ta wace hanya ni ne angon. Ki zaɓa mini kawai, a tsaye ko a akwati.

Ki taho da laimar nan, tawa har yau ba ta gyaru ba.

Naki, har ranar da tabkin nan zai ƙafe Kaka ta ga tsibirinta,
Gideon